Yadda za ka auna katunan banki masu mayar da kaso kafin ka zaɓi ɗaya

Duk wanda ya taɓa awon gero a kasuwar Maradi ya san abin da ake kira gyara. Mai awo zai cika tiya, ya juye maka a buhu, idan kuma ciniki ya yi daɗi ya sa hannu ya ɗebo ɗan kaɗan ya ƙara. Uwargidan da ta iya cefane takan fara da tambayar kuɗin tiya, ta dubi tiyar da kyau ko an buge gindinta, ta damƙi hatsin ta ga ko akwai tsakuwa, sa'annan a ƙarshe ta ce a yi mata gyara. Da wannan tsari nake so mai karatu ya tunkari katunan da bankuna ke tallatawa da alkawarin mayar masa da wani kaso na abin da ya kashe, domin wannan kason gyara ne, kuma akwai tambayoyi da yawa da suka riga shi.

Yana da kyau a fara sanin inda kuɗin ke fitowa. Idan ka biya da kati a otal ko a babban kanti, mai wurin ba ya karɓar kuɗin cif, ana cire masa la'ada, kuma wani ɓangare na la'adar yana zuwa ga bankin da ya ba ka katin. Daga cikin wannan ɓangaren ne banki ke yanko abin da zai mayar maka, da fatan za ka riƙa amfani da katinsa maimakon na wani. A Amurka, inda katin Discover ya yaɗa wannan dabara tun 1986, la'adar da ake cire wa ƴan kasuwa tana da yawa, shi ya sa kaso 1 zuwa 2 cikin ɗari ya zama abin da aka saba gani, wasu katunan ma suna ba da kaso 5 a kan wasu kayayyaki zuwa wani iyakantaccen adadi. A Tarayyar Turai kuwa, dokar 2015 ta taƙaita rabon bankin mai kati zuwa kaso 0.2 a katin asusu da 0.3 a katin bashi, saboda haka abin da ake mayarwa a can bai taka kara ya karya ba. Na kawo wannan ne domin matasanmu suna kallon bidiyoyi a intanet na mutanen da ke cewa kati ya biya musu tikitin jirgi, su ɗauka haka abin yake ko'ina, alhali lissafin wata kasuwa ne mai dokokinta daban.

Mataki na farko shi ne ka tabbatar da irin katin da ake miƙa maka, don mutane suna kiran kowane kati da suna ɗaya alhali iri uku ne. Akwai katin asusu, wanda da zarar ka biya ake cire kuɗin daga ajiyarka nan take. Akwai katin da ake zuba wa kuɗi tukuna, wanda ba dole sai kana da asusu ba, kuma matafiya da masu sayayya a intanet suna yawan amfani da shi. Sai katin bashi, inda banki ke biya a madadinka, kai kuma ka biya shi daga baya, ko dai gaba ɗaya a ƙarshen wata, wanda takardun banki ke kira débit différé, ko kuma kashi-kashi tare da kuɗin ruwa. Yawancin katunan da ke aljihunmu a nan na iri biyun farko ne, ko suna ɗauke da tambarin GIM-UEMOA, ƙungiyar da aka kafa a 2003 don haɗa bankunan ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ko kuma tambarin Visa da Mastercard waɗanda ke aiki a wajen yankin. Bai kamata a jera katin bashi da katin asusu a layi ɗaya a ce wanne ya fi ba da kaso ba, tunda haɗarin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne.

Mataki na biyu ba ya buƙatar zuwa banki, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Ka ɗauki takarda ka rubuta abin da ka kashe a watanni uku da suka wuce, sa'annan ka ja layi a ƙarƙashin abin da za a iya biya da kati kaɗai. A nan ne mutumin Maradi zai ga gaskiyar lamarinsa. Hatsi, nama, kayan miya, kuɗin kabu-kabu, gudummawar biki da suna, duk da kuɗi hannu ake yin su. Aiken kuɗi ga iyaye a ƙauye ko ga ɗalibi a Yamai yana bi ta Nita, ko Amana, ko Al Izza, ko Airtel Money. Abin da ya rage wa kati shi ne wuraren da ke da na'urar karɓar kati, kamar wasu otal-otal da manyan kantuna, sai tikitin jirgi, da sayayyar intanet, da kashe kuɗin tafiya ƙasar waje. Cirar kuɗi daga na'ura ba sayayya ba ce, kuma galibin tsare-tsaren mayar da kaso ba sa lissafa ta, don haka wanda aikin katinsa bai wuce cire albashi a ƙarshen wata ba zai iya shekara da katin bai ga ko dala ɗaya ta dawo ba.

Da wannan takarda a hannu sai ka zaga bankuna. Ka je aƙalla uku daga cikin waɗanda ke aiki a ƙasar, irin su Sonibank, BIA, BOA, Ecobank, Banque Atlantique, Orabank, Coris Bank ko Banque Islamique du Niger, ka fi ba da fifiko ga waɗanda ke da reshe kusa da kai. A kowanne ka nemi jadawalin kuɗaɗen aiki, wanda wajibi ne banki ya bayyana wa abokan hulɗarsa, da kuma rubutattun sharuɗɗan katin. Takardar talla mai launi ba ta wadatar ba. Na taɓa zama gaban wata ma'aikaciya a wani banki a nan garin, ta miƙo mini takarda mai sheƙi da babban adadi a tsakiya, ta ce: "Malam, wannan shi ne katin da manyan ƴan kasuwa ke ɗauka." Na ce: "Hajiya, na gode, amma ina son ganin inda aka rubuta iyakar abin da ake mayarwa a wata." Sai da ta shiga ciki ta ɗauko wasu shafuka masu ƙananan rubutu, muka bi su layi-layi da bakin biro, muka samu iyakar a can ƙasan shafi na biyu. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, domin abin da aka ba ta ta nuna shi ta nuna, amma da ban tambaya ba da na sa hannu a kan rabin labari.

A cikin jadawalin, ka nemi kuɗin katin na shekara, ka kuma tambaya ko adadin ya haɗa da haraji, wato ko HT ne (ban da haraji) ko TTC (har da haraji), don bambancin yana fitowa a asusunka. Ka nemi kuɗin cira a na'urar wani banki cikin yankin sefa, da kuɗin cira a wajen yankin, da la'adar canji idan an biya da wani kuɗi daban, da kuɗin saƙon waya, da kuɗin sake kati idan ya ɓata. Ka kuma san haƙƙinka: tun watan Oktoba na 2014 babban bankin yankin, BCEAO, ya wajabta wasu ayyuka su zama kyauta, cikinsu har da buɗe asusu da rufe shi, da cirar kuɗi a na'urar bankinka, da biya da kati a cikin ƙasashen yankin, da bayanin asusu sau ɗaya a wata. Idan an jera maka waɗannan a matsayin falalar wani kati na musamman, ka cire su daga awonka, tunda kowane banki zai ba ka su.

Yanzu sai lissafi, kuma adadin da zan kawo misali ne kawai na ƙirƙira don a ga hanyar, kowa ya sa nasa a gurbinsu. Mu ɗauki malamin makaranta da ke biyan sefa 60,000 da kati kowane wata, wato 720,000 a shekara. Banki na farko yana da kati mai mayar da kaso 1 cikin ɗari, kuɗinsa na shekara 15,000. Banki na biyu yana da kati marar mayar da komai, kuɗinsa 6,000. A katin farko malamin zai samu 7,200, ya biya 15,000, saboda haka katin ya ci masa 7,800. A na biyu katin ya ci masa 6,000. Katin da ba ya alkawarin komai ya fi masa sauƙi da 1,800. Hanya mafi gajarta ta gano wannan ita ce ka ɗauki bambancin kuɗin katunan biyu, a nan 9,000, ka raba da kason da ake mayarwa. Sakamakon 900,000 ne a shekara, ko jika 75 a wata, kuma shi ne adadin da dole ka wuce kafin katin mai kaso ya fara yi maka amfani. Wanda bai kai wannan ba a takardarsa ta watanni uku ya riga ya samu amsarsa. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne mutum ya ce zai ƙara sayayya don ya kai adadin, domin wanda ya kashe jika goma da bai yi niyya ba don a mayar masa da dala ashirin ya yi asarar sauran duka.

Babban adadin da ke kan takardar talla yakan zo da sharuɗɗa biyu, iyaka da rukuni. A ce banki na uku yana tallata kaso 3, amma a kan mai da manyan kantuna kaɗai, kuma abin da za a mayar ba zai wuce 2,000 a wata ba. Ma'anar wannan ita ce da zarar ka kashe kimanin 67,000 a wata kason ya tsaya, kuma komai yawan cinikinka ba za ka samu fiye da 24,000 a shekara ba. Idan kuɗin katin 40,000 ne, babu wani yanayi da za ka fita da riba daga kason shi kaɗai. Rukunin ma yana da nasa sirrin, domin banki ba ya ganin abin da ka saya, lambar sana'ar da aka yi wa na'urar mai shagon rajista da ita yake gani. Za ka iya sayen shinkafa da mai a kantin da aka yi wa rajista a matsayin wata sana'a daban, kason bai shigo ba. Ka tambayi banki sunayen wuraren da ke cikin tsarin a Maradi, don sau da yawa abokan hulɗar da ake lissafawa sun fi yawa a Yamai.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen matafiya, kuma garinmu gari ne na fatauci, daga masu zuwa Kano da Kwatano har masu zuwa Dubai, da Istambul, da Sin, ban da alhazai da masu Umra. Yayana yana sayar da shadda da atamfa, kuma yakan yi tafiya sau biyu a shekara. Wata rana bayan ya dawo ya ajiye mini bayanin asusunsa a kan tabarma, ya ce: "Ƙanena, duba mini wannan, an ce ana mayar mini da kuɗi, amma ni ragi nake gani." Muka ɗauki rasit ɗin otal ɗaya, muka duba adadin dirhami, muka duba abin da aka cire da sefa, muka kwatanta da farashin canji na ranar. A ƙarƙashin kowace sayayya akwai ƙaramin layi na la'adar canji, kuma da muka tara su sun ninka abin da aka mayar masa fiye da sau uku. Na ce: "Yaya, an mayar maka kamar yadda aka faɗa, sai dai abin da aka karɓa ta ɗaya hannun ya fi shi."

Ga yadda lissafin irin wannan yake, da adadin misali. Ɗan kasuwa ya biya miliyan 3 da kati a ƙasar waje cikin shekara. Kati mai mayar da kaso 1, mai la'adar canji 3.5, mai kuɗin shekara 15,000, zai mayar masa da 30,000, ya karɓi 105,000 na canji, jimillar abin da ya ci masa 90,000. Kati marar kaso, mai la'adar canji 2, mai kuɗin shekara 20,000, zai ci masa 80,000. Ga matafiyi, la'adar canji ita ce kuɗin tiya, kuma ita ya kamata ya fara kwatantawa tsakanin bankuna. Idan ma katin yana da iyakar wata, abin ya fi muni, tunda mai kashe kuɗinsa duka a tafiya biyu zai ci karo da iyakar sau biyu, sauran watanni goma kuma ba shi da abin karɓa. Akwai ƙarin abu biyu. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 ga yuro ɗaya, don haka a ƙasashen yuro farashin canji ba ya motsi, amma wannan bai hana banki karɓar la'adar biya a wajen yankin ba, sai ka tambaya. Sa'annan idan na'urar kanti a ƙasar waje ta ba ka zaɓi tsakanin kuɗin ƙasar da wani kuɗi, kamar dalar Amurka ko yuro, ka zaɓi kuɗin ƙasar, riyal a Makka, dirhami a Dubai, don ɗayan zaɓin yana nufin a yi maka canji a farashin mai na'urar, bankinka kuma ya sake yin nasa.

Idan katin na bashi ne na gaskiya, kuɗin ruwa ya rinjayi duk abin da aka ambata a sama. Ka nemi a rubuta maka TEG, wato jimillar tsadar bashin a shekara da ta haɗa ruwa da sauran kuɗaɗe. A yankinmu akwai iyakar da doka ta sa, wadda a 2014 aka tsayar a kan kaso 15 ga bankuna da 24 ga ƙananan cibiyoyin ba da rance. Ko a wannan iyakar, wanda ya sayi kayan 300,000 ya samu 3,000 a kaso 1, idan ya bar bashin wata ɗaya a kan kaso 15 zai biya 3,750, gyaran ya tafi har da ƙari. Ka tambayi ranar da ake rufe lissafin wata, da ranar ƙarshe ta biya, da tarar jinkiri, da kuma ko za a iya sa banki ya riƙa cire bashin gaba ɗaya daga asusunka kai tsaye. Ɗan kasuwar da kuɗinsa ke kwance a kaya, wanda bai san ranar da waɗanda yake bi bashi za su biya shi ba, shi ya fi kowa bukatar yin tunani a nan.

Ga mafi yawanmu akwai tambayar da ta gabaci ta riba da asara, ita ce ta halacci. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi hulɗa da katin bashi ba idan an sharɗanta kuɗin ruwa a cikinsa, ko da mai katin ya ƙudurta biya kafin lokacin ruwan ya shiga. Ta halatta katin da babu wannan sharaɗi, ta kuma yarda banki ya karɓi tsayayyen kuɗin aiki, da la'ada daga mai shago muddin bai ƙara wa mai kati farashi ba. Katin asusu da katin da ake zuba wa kuɗi ba su da wannan matsalar ta bashi, tunda kuɗinka ne kake kashewa. Shawarata ita ce ka ɗauki takardar sharuɗɗan kanta ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa, a fassara masa abin da ke ciki, don hukunci yana bin abin da aka rubuta a yarjejeniya, sunan da aka laƙaba wa katin ba ya canza shi.

Sai yadda ake biyan kason, wanda shi ma yakan bambanta. Wani banki kuɗi yake zubawa a asusu kowane wata, wani maki yake tarawa waɗanda ba a kashe su sai a wasu wurare, wani kuma sai abin ya kai wani adadi kafin a sake shi. Ka tambayi darajar maki ɗaya da sefa, ka tambaya ko yana lalacewa bayan wani lokaci, ka tambaya ko tsarin na dindindin ne ko na talla ne na watanni kaɗan, kamar waɗanda ake yi lokacin azumi ko ƙarshen shekara, alhali kuɗin katin kowace shekara za a cire shi. Masu asusu a Katsina ko Kano, waɗanda suka saba da ɗan abin da manhajoji irin su OPay da PalmPay ke mayarwa a kan katin waya da biyan wasu kuɗaɗe, su tuna cewa da naira ake ba su, kuma tun da aka saki farashinta a watan Yuni na 2023 ta yi faɗuwar da ta shafe irin wannan kason sau da yawa ga wanda ya bar kuɗinsa a can alhali hidimarsa da sefa take.

Idan katuna biyu sun zo kusa da juna a lissafi, abin da zai raba gardama shi ne hidima. Ka tambaya ko za ka iya toshe katin da kanka ta waya cikin dare idan ya ɓata, da ko saƙo yana shigowa nan take bayan kowace cira, da kwana nawa ake ɗauka kafin sabon kati ya iso reshen Maradi, da ko ƙorafin cirar da ba kai ka yi ba ana karɓarsa a nan ko sai an tura Yamai. Matafiyi ya tambayi iyakar abin da zai iya biya a rana da a mako, da yadda ake ɗaga ta kafin tafiya, da kuma ko lambar sirrin da ake turowa don tabbatar da sayayyar intanet za ta same shi idan layinsa na gida ba ya aiki a inda yake.

Bayan ka zaɓa, ka ajiye rasit ɗin kowace sayayya a ambulan ɗaya na tsawon watanni uku, ka karɓi bayanin asusunka na kowane wata, ka ja layi a ƙarƙashin abin da aka mayar da abin da aka cire, ka kwatanta da lissafin da ka yi tun farko. Idan wani kaso bai shigo ba, ka kai rasit ɗin reshe tun abin yana sabo, ka rubuta ƙorafinka, ka karɓi kwafi mai hatimi. Ka kuma rubuta ranar da za a sake cire kuɗin katin na shekara, domin idan ka yanke shawarar mayar da shi ko komawa ƙaramin kati, wata guda kafin wannan ranar ya kamata ka sanar da banki a rubuce.